Za mu Masar hutu da yara, waɗanda suka san ƙasar ku ba mu haske

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Ni da maigidan da yaranmu biyu muna shirin zuwa Masar ƙarshen Disamba, kwana goma. Ba asibiti za mu ba, ba karatu ba, ba sari ba, hutu ne kawai. Duk wanda na gaya wa sai ya gyara murya ya ce "Allah ya ƙara sauƙi, waye ba lafiya?" Har na gaji da bayani. Bizarmu ta fito, tikiti ma mun yanka daga Kano. Abin da nake so in ji shi ne ƙananan abubuwan da ejan ba ya gaya wa mutum: kuɗi, waya, mota, abinci, tufafi. Maigidan ya yi Larabci a makaranta, yana ta bugun ƙirji wai ba ma buƙatar kowa.

Ɗan Azhar: Wa alaikumus salam Anti. Shekarata shida a Alƙahira. Da farko ki gaya wa Yaya ya sassauta bugun ƙirjin. Larabcin littafi za a gane shi, amma amsar da za a mayar masa ce ba zai gane ba. Ranar da na sauka na ce wa direban tasi "uridu an azhaba ilal Azhar", ya juyo ya dube ni ya ce "sadaƙallahul azim". Su jimun ɗinsu "ga" ce, masallaci gami', kuɗinsu gineh. Ƙafun kuma haɗiye shi suke, ƙahwa ta koma ahwa. Ku riƙe waɗannan: bikam, nawa ne. Ghali awi, ya yi tsada sosai. Fen, ina ne. Mayya, ruwa. Ala gamb ya usɗa, direba akwai sauka. Sai uwa-uba la, shukran, wato a'a na gode. Wannan za ku faɗa sau ɗari a rana.

Alhaji Na Kwari: Hajiya, kafin maganar yare, katin allurar shawara. Kowa da nasa, har yaran, kuma na gaskiya wanda aka yi allurar aka buga hatimi. Masar tana neman sa ga duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Ki sa shi cikin fasfo, kada ki jefa a akwatin da za a auna. Fasfo kuma ya zamana da sauran aƙalla wata shida. Jirgin awa huɗu ne da ɗan wani abu daga Kano. Abu na biyu, kuma wannan da babbar murya: kada ku karɓi saƙon kowa a filin jirgi. Ko wa ya ce maganin tsohuwarsa ne da ke kwance a asibiti, ku ba shi haƙuri. Tramadol kaɗai ya isa ya kai mutum gidan yari a can. A 2017 sun ɗaure wata Baturiyar Ingila shekara uku saboda ƙwayoyin da ta ce na ciwon bayan mijinta ne. In Baturiya ta sha haka, mai koren fasfo sai ya yi wa kansa faɗa.

Maman Biyu: Innalillahi. To maigidan yana shan maganin hawan jini fa, Alhaji.

Alhaji Na Kwari: Wannan ba komai. A bar shi cikin kwalinsa, a riƙe takardar likita. Abin da ba a so shi ne a ɓare ƙwayoyi a zuba a leda kamar gyaɗa.

Hajiya Mai Atamfa: Ni sanyi zan yi miki magana a kai, ƙanwata, don shi ya ci ni. Na je a Janairu da atamfofina da mayafai shara-shara, a zatona ƙasar Larabawa ai rana ce. Wallahi daren farko da safa biyu na kwana. Da dare yakan sauko wajen digiri 10, ga gidajensu duk tayil, an gina su ne don zafi. Sanyin ba irin hunturunmu mai fasa leɓe ba ne, mai shiga ƙashi ne. Ki saya wa yara rigunan sanyi masu kauri da hula da takalmi rufaffe tun daga gida. Amma fa lokacin da kuka zaɓa shi ne mai kyau, don wanda ya je Luksor ko Aswan a Yuli zai tarar da zafi ya haura 40.

Ɗiyar Damagaram: Ku mutanen Najeriya ku tuna da abin cajin waya. Soket ɗinsu mai huda biyu ne zagayayyu, irin namu na Nijar. Naku mai ƙafa uku ba ya shiga. Ni ban sha wahala ba, amma wata 'yar Kano da muka sauka otal ɗaya ta kwana da matacciyar waya. Agogo kuma a Disamba sun riga mu da awa ɗaya, in bazara ta yi su ƙara ya zama biyu.

Injiniya: Maganar kuɗi. Ku tafi da dala, sababbin takardu marasa yagewa, ku riƙa canzawa kaɗan-kaɗan a banki ko shagon canji mai lasisi, su suna ce masa sarrafa. Kada a canza a titi, laifi ne a dokarsu, kuma tun Maris 2024 da suka saki kuɗinsu dala ta tashi daga wajen fam 31, wato gineh ɗinsu, zuwa wajen 50, ribar bayan fage ta mutu. Naira ba wanda zai kalle ta. Abin da ya fi ba mutane mamaki: manyan wuraren tarihi irin su dalar Giza da gidajen kayan tarihi sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin tikiti, sai kati. Don haka ki tabbata kuna da katin da ke aiki a waje, ki je bankinku ki tambaya, kada ki ɗauka. Na ga mutum da damin kuɗi a aljihu yana roƙon wani baƙo ya biya masa da kati ya ba shi tsaba. Layin waya kuma ku saya a filin jirgi, Vodafone ko Orange ko WE, fasfo kawai za a nema.

Alhaji Na Kwari: Injiniya ya manta babban abu, canji. Ƙananan kuɗi, 'yan fam goma da ashirin. Ƙasar nan kowa hannunsa a miƙe yake. Mai buɗe ƙofa, mai ajiye takalmi a masallaci, mai ba ka tishu a banɗaki, har wanda ya nuna maka abin da kake gani da idonka. Suna ce masa baƙshish. Ni bara nake ce masa.

Ɗan Azhar: Alhaji, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Matar da ke zaune a ƙofar banɗaki tun safe, abin da ake ba ta shi ne albashinta. Su kansu Misirawa suna bayarwa, ba baƙo kaɗai aka ɗora wa ba. Mu da muke da "a ba yara na goro" da "yallaɓai yaranka na gaisuwa" a kowane shinge, ba mu da bakin cewa wani ya cika roƙo.

Alhaji Na Kwari: Ɗana, namu in ka ce Allah ya ba da haƙuri ya wuce. Nasu sai ya bi ka har mota. Shekara goma sha ina bi ta ƙasar nan, ba labari aka ba ni ba.

Ɗan Azhar: Wannan a Giza ne da kasuwar Khan Khalili, inda 'yan yawon buɗe ido suke. Ka shigo unguwa irin tamu a Madinat Nasr, mai sayar da gurasa zai bi ka da canjinka in ka manta. Bambanci kawai za a yi: wanda ya yi maka aiki ka ba shi, wanda ya ƙaƙaba maka kansa ka ce la shukran, kada ka tsaya, kada ka haɗa ido.

Maman Biyu: Ku dakata da faɗan, me ake yi wa mutane a Gizar? Can yaran suka fi ɗoki.

Hajiya Mai Atamfa: Zauna ki ji. Muna shiga wani ya tare mu da fara'a, "Nigeria? Ahsan nas!" Kafin in ankara ya ɗora wa ɗana rawani a ka, ya ce hadiyya ce, kyauta. Muka yi godiya muka yi gaba. Taku biyar sai ga shi, wai shi ma a ba shi tasa hadiyyar. Sai na raƙumi. Aka yi ciniki, yaron ya hau, aka zagaya da shi, da aka dawo mai raƙumin ya tsaya yana kallon sama. Wai kuɗin da muka yi na hawa ne, na sauka daban. Yaro na can bisa tozo yana kuka, raƙumi na ta tuƙa abinsa, ni ina ƙasa ina faɗa da Hausa, shi yana yi da Larabci. Da na ga abin ba na ƙare ba ne na ɗaga murya na ce "shurɗa!", wato 'yan sanda. Nan take raƙumi ya gurfana. Abin haushin, mu da muka taso muna ganin raƙuma na dakon kanwa a ƙofar gidanmu, a ce a kan raƙumi aka yi mana wayo.

Injiniya: Hajiya kin ba ni dariya. Maganinsa a yi ciniki a fili: nawa ne, fam ko dala, na mutum ɗaya ko na duka, minti nawa, har da sauka. Kuɗi kuma sai ƙafa ta taɓa ƙasa. "Talatin" kawai in ya ce, daga baya zai ce dala yake nufi. Akwai 'yan sandan masu yawon buɗe ido, lambarsu 126, motar asibiti kuma 123. Duk wanda ya tare motarku a hanya ya ce ƙofa a rufe take ko sai da doki ake shiga, ƙarya yake.

Malam Sidi: Ina bin maganar tun ɗazu, na ga kowa na ta lissafin raƙumi, ba wanda ya tambayi hukuncin zuwan. Waɗannan wurare kaburburan mutanen da suka yi wa Allah girman kai ne. Lokacin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya bi ta Hijir, garin Samudawa, ya hana shiga gidajen waɗanda aka azabtar sai in mutum yana kuka. Yanzu kuma sai mu kwashi yara mu je muna ɗaukar hoto muna dariya?

Ɗan Azhar: Allah ya gafarta Malam, hadisin ya inganta, ba jayayya. Amma malaman nan suna rarrabewa tsakanin wurin da azaba ta sauka da sauran kufai. Fir'aunan Annabi Musa a teku aka halaka shi. Dalar Giza kuwa ta fi shekara 4,500, an gina ta fiye da shekara dubu kafin Ramsis na biyu, wanda mutane da dama ke cewa shi ne Fir'aunan. Sahabbai sun ci Masar da yaƙi ƙarƙashin Amru ɗan Asi, suka zauna suna kallon dalar nan, ba su rushe ta ba. Ga kuma ayoyin da ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance.

Malam Sidi: A duba don wa'azi, ba don nishaɗi ba. Ita kuma ta ce hutu za su.

Maman Biyu: Malam, ai hutun bai hana wa'azin ba. Ni gawar Fir'aunan ma nake so yaran su gani, su haɗa da abin da ake karanta musu a Islamiyya a Suratu Yunus.

Ɗan Azhar: To Anti kada a kai ku gidan tarihin Tahrir a ce a nan take. Tun Afrilu 2021 aka kwashe gawawwakin sarakunan, 22, aka mayar da su gidan tarihin Fusɗaɗ. Ɗakin a ƙasa yake, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, ba a hayaniya. Za ki ga Ramsis kwance cikin gilashi, ɗan tsamurmurin tsoho mai lanƙwasasshen hanci, da sauran gashi ja-ja a ƙeya, farcensa ma na nan. Ni dai ban ga wanda ya fito yana dariya ba. Sai dai kada ki ce wa yara tabbas shi ne, don wasu na cewa ɗansa Marnabtah ne, shi ma yana ɗakin. Alƙur'ani bai ambaci suna ba. In kun fito, masallacin Amru ɗan Asi na kusa, shi ne na farko a Masar, kabarin Imamu Shafi'i ma ba nisa.

Malam Sidi: In haka ne da sauƙi. A dai gyara niyya. Kuma a kabarin a yi sallama da addu'a a fito, kada a kwaikwayi masu shafar ƙarfe.

Bahaushen Omdurman: Akwai abin da kowa ke kewaye wa, bari ni in faɗa. Baƙar fata yana jin magana a titin Alƙahira. Yara za su kira ka samara ko shokolata, wani lokaci har manya. Ba kowa ba, kuma ba kullum ba, amma a shirya wa yaranki zuciya. Tun da yaƙi ya ɓarke mana a Sudan a Afrilu 2023 mutanenmu sun cika garin, musamman wajen unguwar Faisal, kuma 'yan sanda na tare baƙaƙe suna tambayar takardar zama. Ba za su bambance ki da 'yar Sudan ba. Kullum ki fita da fasfo, ko aƙalla hotonsa da na shafin biza da katin otal.

Hajiya Mai Atamfa: Gaskiya ne, amma ni da na je Aswan sai na ji kamar na koma gida. Nubawa baƙaƙe ne kamar mu, ga natsuwa, ga kogin Nilu shuɗi ba irin na Alƙahira ba. In ni ce ke, kwana huɗu a Alƙahira ya isa, sauran a yi kudu. Akwai jirgin ƙasa mai gadon kwana, ku shiga da dare ku wayi gari a Luksor, sai dai baƙo da dala yake biya, kuma kuɗinsa ba ya da nisa da na jirgin sama.

Injiniya: Ƙari a kan na ɗan'uwa na Omdurman: kada a ɗauki hoton ɗan sanda ko soja ko ginin gwamnati. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi kada ma ya shiga akwati. Siyasa kuma a bar ta a gida. Direba zai iya jan ku da hira a kan shugabansu ko 'yan Ikhwan, wato ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi, ku ce ku baƙi ne. Ko yatsu huɗu kada yaro ya ɗaga a hoto, alama ce ta siyasa a can, an kama mutane a kanta.

Maman Biyu: Tirƙashi. To zirga-zirga fa? Maigidan na cewa mu ɗauki hayar mota ya tuƙa da kansa.

Alhaji Na Kwari: Ki ɓoye masa lasisin. Wanda ya iya tuƙi a Ƙofar Wambai ma ɗalibi ne a Alƙahira.

Ɗan Azhar: Uber da inDrive suna aiki, sun fi tasi kwanciyar hankali tunda kuɗin a rubuce yake. Matsala ɗaya, lambar mota da lambobin Larabci take. A nan karatun allo zai yi rana, sai dai a tuna biyar ɗinsu kamar sifirinmu take, sifirinsu kuma ɗigo ne. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1987, da araha, yana da taragon mata zalla a tsakiya. Tsallaka titi kuwa, ki nemi wata dattijuwa 'yar gari ki laɓe a gefenta, in ta taka ki taka. Juma'a da safe gari fayau yake, ita ce ranar hutunsu da Asabar, amma bankuna a rufe.

Ɗiyar Damagaram: Abinci ba zai ba ku wahala ba. Mulukiyyarsu miyar lalo ce, da shinkafa suke ci. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya, dom kuma goruba ce suka jiƙa suke sha. Ga ruwan rake ana matsewa a gabanka. Yara za su so koshari: shinkafa da taliya da adas, wani ɗan ƙaramin wake, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa. Yaji dai ki tafi da naki, abincinsu lami ne a bakinmu. Ruwan famfo kada yara su sha, a sayi na gora, ganye ɗanye na bakin titi ma a ƙyale shi.

Hajiya Mai Atamfa: Buta ma ba sai kin ɗauka ba, kowane banɗaki da abin tsarki, shaɗɗafa suke ce masa. Ki dai murɗa a hankali karon farko, na faɗa miki. A gidan abinci mai kyau kuma kuɗin da ke kan takarda ba shi ne ƙarshe ba, za su ɗora na hidima da haraji. Tufafinmu ba matsala, hijabi da abaya ko'ina. Sai dai kada a ɗauka kowa Musulmi ne, akwai Kiristoci Kibɗawa da yawa, za ki ga ɗan ƙaramin gicciye a wuyan hannunsu.

Alhaji Na Kwari: Shawarata ta ƙarshe, ku nemi ɗalibi ɗan gida ya riƙa raka ku. Amma a yi magana tun farko nawa za a ba shi a rana. Wani na taɓa ɗauka ya ce haba Alhaji, don Allah zai yi. Ashe duk shagon turare da ya kai ni yana da la'adarsa a ciki. Gara mai kuɗi a fili da mai "don Allah".

Ɗan Azhar: Akwai masu yi, ba zan kare su ba. Direbobi da 'yan rakiya Misirawa ma haka suke, shi ya sa kowace fita sai an bi da kai "masana'antar" turare ko ta takardar bardi, irin ta zamanin Fir'aunoni, wadda rabinta ɓawon ayaba ne aka yi wa zane. Amma ƙarshen Disamba muna dab da jarrabawa, duk ɗalibin da ya ba ku kwana goma cur ku san darasi ya bari. Kwana biyun farko ya isa, ya nuna muku gari ku ci gaba da kanku.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri, na cika shafi uku. Na karanta wa maigidan labarin "sadaƙallahul azim", ya yi shiru, ɗazu na ji shi a falo yana maimaita "bikam, ghali awi". Ya haƙura da tuƙin. Saura abu ɗaya: kilishi da dambun nama da yajin, a akwatin aunawa zan sa ko a jakar hannu?

Ɗiyar Damagaram: Yajin a na aunawa, ki ɗaure shi leda biyu, in ba haka ba duk kayanki sai sun yi warin daddawa.

Alhaji Na Kwari: Naman kuma ku cinye shi kafin ku sauka.